Ni Ɗalibi Ne, In Sayi Mashin Ko In Haƙura Da Adaidaita?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Shekarata 19, ina aji biyu a Jami'ar Bayero, sabon mazauni na titin Gwarzo. Daga gida nake zuwa, tafiyar kusan kilomita 14 ce, sai na hau Adaidaita Sahu biyu kafin in isa. Naira 1,600 nake kashewa kullum zuwa da dawowa, ga yawan makara a laccar ƙarfe takwas. Na tara 'yan kuɗi da gyaran waya, kawuna ma ya ce zai cika mini. Wani abokina zai sayar mini da mashin ɗinsa na hannu da araha. Na iya keke sosai, mashin kuwa sau kaɗan na taɓa ja. Babana bai so, ya ce haɗari. In saya ko in haƙura?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Abin da kake tambaya shi ne ko wahalar hanya da kuɗin mota sun kai a ce yaro mai shekara 19, wanda bai gama iya tuƙi ba, ya mallaki mashin alhali mahaifinsa yana ɗari-ɗari. Ga mai tafiyar kilomita 28 kullum, mashin buƙata ce ta gaske, babu almubazzaranci a ciki. Amma a yadda kake yau, hannunka bai faɗa ba, Baba bai amince ba, kuɗin kuma da alama iya na sayen ne kawai, ba zan ce ka saya a wannan watan ba. Ka saya bayan ka gyara waɗannan ukun, kuma duk ukun suna gyaruwa cikin hutu guda.

Lissafin kuɗin

Yawancin ɗalibai suna kwatanta kuɗin Adaidaita da kuɗin mai kawai, sai su ga riba mai yawa. Bari mu yi lissafin da alƙalumanka. Naira 1,600 sau kwana 22 na karatu ya kama naira 35,200 a wata. Ƙaramin mashin mai inji 100cc zuwa 125cc, idan lafiyarsa ƙalau, yana yin kilomita 45 zuwa 55 da lita ɗaya, amma a cunkoson cikin gari da yawan tsayawa ka ɗauki 45. Makaranta kaɗai za ta ci kilomita 616 a wata. Sai dai ranar da mashin ya shigo gida ka zama ɗan aiken kowa: cefane, kai ƙanne Islamiyya, karɓo saƙon Umma a wata unguwa, ziyarar abokai. Saboda haka ka sa kilomita 750, wato kusan lita 17. Mu ɗauka lita naira 1,000 ce don sauƙin lissafi, kai kuma ka sa farashin da ke gidan mai a ranar da kake karanta wannan. Mai ya ci 17,000 ke nan.

Bayan mai akwai baƙin mai, faci, fulogi, takalmin birki, sarƙa da sifoket, taya, sabunta takardu da kuɗin ajiya. Ba kowane wata suke zuwa ba, amma idan aka baje su a shekara, ƙa'idar da ta fi kusa da gaskiya ita ce ka ware rabin abin da kake kashewa a mai domin su. A misalinmu 8,500 ne. Abin da ya rage maka bai kai naira 10,000 a wata ba, kuma a watannin karatu ne kawai. Lokacin hutu ko yajin aiki, irin na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, da ya ɗauki wata takwas a 2022, babu kuɗin motar da kake ragewa, mashin kuwa yana nan yana cin nasa.

Ka ga da ragowar kuɗin mota kaɗai, sai an yi shekaru kafin mashin ya biya kansa. Ribarsa ta gaske a lokaci take. Za ka daina tsayuwar jiran abin hawa da sauka a canza wani, ka isa lacca a kan kari, ka dawo shagon gyaran waya da sauran rana. Idan awa ɗaya ko biyun da ka samu kullum za ta koma karatu da sana'a, ta fi ragowar kuɗin daraja nesa ba kusa ba. Akwai kuma cewa mashin mai farin jini a kasuwa ba ya faɗuwa warwas idan aka tashi sayarwa, musamman tun 2023 da aka cire tallafin mai, naira ta karye, farashin sababbi ya yi tashin gwauron zabi, mutane da yawa suka jingine mota suka koma ƙafa biyu.

Wani abu da zan ja kunnenka a kai: kada ka saka acaɓa cikin lissafinka. An hana ta a birnin Kano tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Idan kana son mashin ya riƙa kawo wani abu, kai saƙon kaya ga masu sayarwa ta intanet ya fi maka tsafta.

Maganar haɗari, wadda Baba ya yi gaskiya a kanta

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma kana tsakiyar wannan rukuni. Mai mota yana da ƙarfe da bel da ke kare shi. Kai a kan mashin ƙafarka da kanka su ne ke fara taɓa ƙasa. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ya san yawan samarin da ke kwance da karayar ƙwauri da cinya, kuma karaya irin wannan tana iya cinye zangon karatu guda, wani lokacin shekara.

Abin da ya kamata ka gane shi ne haɗarin ba a rabe yake daidai-wa-daida ba. Ya taru ne a wasu wurare sanannu, kuma mafi girmansu shi ne watannin farko. Da farko tsoro yana ɗan riƙe mutum. Sai ka ƙara kiyaye lokacin da tsoron ya tafi, ƙwarewar ba ta iso ba, sai mutum ya fara kurɗawa tsakanin motoci yana ji da kansa.

Iya keke ya ba ka daidaito, amma bai koya maka birki ba, kuma birki shi ne rabin tuƙin mashin. Akwai wata mummunar fahimta da ta yaɗu tsakanin matasa cewa birkin gaba yana kifar da mutum, har wasu suna sassauta shi ko su cire wayarsa gaba ɗaya. Alhali idan ka taka birki nauyi gaba yake komawa, shi ya sa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga tayar gaba yake fitowa. Wanda ya dogara da na baya kaɗai, tayar za ta kulle, bayan mashin ya zame gefe, ya tafi da shi ƙasa. Yadda ake yi shi ne a saki totur, a matsa na gaba a hankali ana ƙara ƙarfi, a taka na baya tare, mashin yana miƙe. Abin da ke kayarwa shi ne fizgar birkin gaba lokaci guda, ko kama shi a cikin kwana, ko a kan yashi.

Gudu kuma lissafinsa ba ya tausayi. A kilomita 60 cikin awa kana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma daƙiƙa guda takan wuce tsakanin ganin abu da taɓa birki. Idan ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ya ninka sau huɗu. Wanda ke 30 zai tsaya kafin yaron da ya faɗo titi, wanda ke 60 a wuri guda bai ma fara rage gudu sosai ba.

A titunan Kano abin da ya fi buge sabon mai mashin shi ne ɗan Adaidaita da ya hango fasinja ya yanko gefe babu sigina. Kada ka taɓa bin bayansa kurkusa, kada kuma ka wuce shi ta hannun dama inda yake sauke mutane. Tirela da tifa suna da wuraren da direba ba ya ganin komai, musamman dab da ƙofar dama da bayan mota. Idan ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Kada ka tsaya a gefen babbar mota a shataletale, domin tayoyin bayanta suna yanke kwana su shigo inda kake. Yashin da ke taruwa a bakin kwalta, ruwan farko na damina da ke taso da man da ya daɗe a kan titi, hazon hunturu da asuba, da rububin dab da shan ruwa a watan azumi, duk lokutan sassauta hannu ne. Dare kuwa ka bar shi gaba ɗaya a wata ukun farko, saboda ramuka da motoci masu fitila ɗaya da za ka ɗauka 'yan'uwanka masu mashin ne.

Goyo ma ka jinkirta shi. Nauyin mutum na biyu yana tsawaita birki, yana sa gaba ya yi sakayau. Idan lokacin ya yi, ka lura da mayafi, hijabi ko bakin zanen wadda ka ɗauka, da jallabiya ko babbar rigarka kai kanka, domin sarƙa da sifok suna cafke tufa su fizgo mutum ƙasa. Ka kuma nuna wa yaro inda salansa take kafin ya hau, ƙunarta a sha-raɓa ba ta warkewa da wuri.

Hular kwano

A kan wannan babu sassauci. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta tun 1 ga Janairu 2009, amma ko babu jami'i a hanya dalilin yana nan: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa ta daidai yana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da zai iya kaiwa kashi 74 cikin 100. Ƙashi yana ɗoruwa, ƙwaƙwalwa ba ta ɗoruwa, kuma da ita ka je jami'a nema.

Hular 'yan gini ba hular mashin ba ce. Ta gaskiya tana da farin soso mai tauri da kauri a ƙarƙashin ƙoƙon, shi ne ke murƙushewa ya shanye bugu. Ka nemi mai rufe haɓa, mai tambarin inganci na ECE ko DOT, ka kuma danna cikin da yatsa ka tabbatar soson yana nan, domin tambari ana liƙa na bogi. Ta kama kai ba tare da ciwo ba, idan ka girgiza kai kada ta yi lilo. A ɗaure igiyar yadda yatsa biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Hular da ba a ɗaure ba tana tashi kafin kai ya kai ƙasa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki ko da ba ta tsage ba, shi ya sa ba a sayen ta hannu. Na san zafin Afrilu da surutun abokai. Ka sayi mai haske mai ƙofofin iska, ka bar su su yi ta magana. Ka haɗa da takalmi sau-ciki maimakon silifas, da safar hannu, domin tafin hannu ne ke fara dafa kwalta.

Wane iri

Ka tsaya tsakanin 100cc da 125cc, mai inji irin na zamani da ba a haɗa masa mai da baƙin mai. Tsofaffin masu hayaƙi suna da arha, amma sun fi shan mai. Manyan mashinan tsere kuwa ba na koyo ba ne ko kyauta aka ba ka.

Zaɓin gaske biyu ne. Roba-roba ba shi da nauyi, yawancinsa babu kulocin hannu, koyonsa da sauƙi, ga tsimin mai, amma robobin jikinsa suna fashewa da ƙaramar faɗuwa, tankinsa ƙarami ne, kuma ba ya son ramuka da kaya masu nauyi. Irin su Bajaj Boxer da TVS sun fi juriya, kowane bakanike ya san cikinsu, kayan gyaransu har ƙauye akwai, suna kuma da saurin sayuwa. Wannan farin jinin ne ya sa ɓarayi suka fi bin su. Ga tafiyarka ta kilomita 14 a kwalta, kowannensu zai yi. Ka leƙa garejin da ya fi kusa da gidanku ka ga wane iri suka fi gyarawa da sayar da kayansa, ka sayi wannan.

Na abokinka

Araha ba ta ado, kuma ciniki tsakanin abokai yana sa a ji kunyar dubawa. Daga nan ba zan iya yanke hukunci a kan mashin da ban taɓa ba, saboda haka ka tafi da bakanike naka, wanda ba shi ke yi wa mai shi gyara ba, ka biya shi ladan dubawa.

Ku je da safe, ka taɓa injin ka ji da sanyi kafin a tayar, domin inji mai zafi yana ɓoye laifi. Mai lafiya yana tashi da bugu ɗaya zuwa uku, ya tsaya a silo ba tare da an riƙe totur ba. Ku dubi salansa: shuɗin hayaƙi yana nufin yana ƙona baƙin mai, fistin da ringi sun gaji, baƙin hayaƙi kuma kafireto ne ke ba da mai fiye da kima, wannan gyaransa da sauƙi. Ƙarar ƙwanƙwasa daga ƙasan inji babban aiki ne, ku bar shi. A zaro ma'aunin baƙin mai, idan ya yi ƙasa ko ya yi kauri baƙi ƙirin, mai shi ba ya juye a kan lokaci. A kafe shi a tsakiya a ɗaga gaba, a juya kan hagu da dama. Idan yana sarƙewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci. A girgiza kowace taya gefe da gefe don jin boris, a juya ta a ga ko rim ya karkace. Haƙoran sifoket idan sun yi tsini sun lanƙwasa, shi da sarƙa duk sai an canza, kuma tare ake canza su. Shakazoba mai yoyon mai ta mutu. Sannan ku duba wuyan firam da ƙarƙashin tanki: sabon walda ko sabon fenti a wuri guda alamar ya taɓa mummunan karo ne. A gwajin hanya, idan mashin yana ja gefe guda, firam ko ƙafafun gaba sun karkace, wannan kuwa ba ya komawa daidai.

Takardu sun fi duk wannan muhimmanci. Lambar inji da lambar firam da ke jikin ƙarfe su dace harafi da harafi da abin da ke rasit na asali da takardun rajista. Idan an goge lamba, ko an sake buga ta, ko aka ce maka takardu sun ɓata, ka janye ko nawa aka rage, domin wanda aka kama da kayan sata shi ke kwana a ofishin 'yan sanda. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu biyu, a kuma yi canjin mallaka da sunanka.

Kuɗin da ke hannunka kada ya ƙare a kan sayen. Ka raba shi yadda bayan mashin zai ɗauki hula, lamba, inshora, lasisin tuƙi na rukunin A wanda shekarunka sun kai ka karɓa, sarƙar kullewa, da ɗan abin ajiya na gyaran farko. Idan bai isa ba, kuɗin mashin bai cika ba tukuna. Rashin lamba da takardu shi ke haɗa ɗalibai da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, da jami'an duba ababen hawa na VIO, kuma tarar da ɓata ranar sun fi kuɗin rajistar ciwo.

Kullin wuya da mashin ke zuwa da shi ana karya shi cikin daƙiƙoƙi. Ka sa sarƙa mai kauri ta ratsa tayar baya ta ɗaure da ƙarfe ko ginshiƙi, ka sa bakanike ya ɓoye maka makunnin da ke yanke wuta, a makaranta kuma ka ajiye inda ake ba da tali. Ƙofar masallaci lokacin sallah da bakin ɗakin jarrabawa su ne wuraren da aka fi ɗauka, domin ɓarawo ya san minti nawa za ka yi. Idan kuwa masu ƙwace suka tare ka da makami, ka sauka ka ba su.

Kulawar da ke hana shi cin kuɗi

Inji yana ɗaukar kusan lita ɗaya ta baƙin mai, galibi 20W-50. Ka nemi na mashin mai alamar JASO MA, domin wasu na mota suna da sinadarin da ke sa kuloci ya riƙa zamewa. Sabon mashin ana yi masa juyen farko a kilomita 500, kuma ba a wuce gudun 50 da shi kafin nan. Bayan haka, a ƙurarmu, kowane kilomita 1,500 zuwa 2,000, wato kusan duk wata biyu a tafiyarka. Matatar iska a tsabtace ta duk mako biyu a hunturu, idan ta toshe mashin zai riƙa shan mai yana rasa ƙarfi, idan aka cire ta kuma ƙura ta cinye ringi. Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita biyu zuwa uku a tsakiyarta. Ta yi sako-sako za ta fita a kan gudu ta kulle taya, ta yi tsauri za ta ci boris. Iskar taya kusan 25 a gaba, 28 zuwa 32 a baya, a auna da ma'auni, kada a bar mai faci ya ƙiyasta da yatsa. Man bumburutu kuma a guje shi sai dole, gauraye da dattinsa ke toshe kafireto.

Maganar Baba

Kada ka saya a ɓoye, kada kuma ka sa kawu ya saya maka a bayan idonsa. Ban da haƙƙinsa na uba, shi ne zai tsaya a kanka idan wani abu ya faru, kuma tsoronsa yana da tushe. Musu ba zai sauya ra'ayinsa ba, abin da zai gani da idonsa ne zai sauya shi.

Ka yi amfani da hutun da ke tafe. Ka samu babban mutum mai natsuwa da ya daɗe yana hawa, wanda Baba ya yarda da shi, ya koya maka a fili mako biyu zuwa uku: tashi da tsayawa ba tare da inji ya mutu ba, canza giya ba ka kalli ƙafa ba, zagaya duwatsu a jere da tafiyar hawainiya, waiwaye kafin canza hannu, da birkin gaggawa daga gudun 30 har sai hannunka ya riƙa yi da kansa. Daga nan sai layukan unguwa da sassafe, sannan babban titi ranar da babu cunkoso, malamin yana biye da kai. Ka fara sayen hular kafin mashin, ka yi lasisi, sannan ku je wurin Baba kai da kawu da lissafinka a rubuce da sharuɗɗan da ka ɗaukar wa kanka: babu dare, babu goyo na wata uku, babu ba da aro, babu abin sauraro a kunne. Ka ce masa idan ka karya ɗaya ya karɓe makullin.

Idan duk da haka ya ce a'a, ka haƙura a wannan shekarar, ka juya kuɗin inda zai magance matsalar ta wata hanya. Gado a hostel ko ɗakin haɗaka kusa da makaranta, irin na wajen Rijiyar Zaki, zai kashe maganar makara gaba ɗaya, kuma gyaran waya sana'a ce da ke da kasuwa a tsakiyar ɗalibai fiye da cikin unguwa. Lasisin da koyon da ka yi suna nan, sai ka sake tayar da maganar idan ka shiga aji uku.